Saifar Ummuhani

Ranar da Ummuhani ta fara ganin Rufa'i dariya ta yi masa, kuma ba dariyar so ba ce.

Kakar riɗi ce, a wani babban mashru'u da ke gabas da Gadarif, irin gonakin nan da mutum zai yi ta tafiya bai ga iyakarsu ba. Tarakta ta iya huɗa, ta iya shuka, amma yankan riɗi sai hannu. Shi ya sa duk shekara mahaifinta Baba Cindo, wanda shi ne shugaban leburorin gonar, yake kwaso mutane daga kasuwar Gadarif ya kafa musu kambo, wato 'yan bukkokin kara a gindin itatuwan aduwa. Ummuhani da mahaifiyarta Inna su ke dafa wa kambon abinci da shayi.

Tana fifita wuta ta hango wani dogon saurayi ya sauko daga mota, ya rungumo ƙananan akwatunan ragar ƙarfe kamar mai talla. Ya yi sallama, ya tambaya ko za ta taimaka masa da ɗan ƙuli-ƙuli. Ta ɗauka yunwa ce ta kawo shi, har ta ɗebo masa mai yawa, sai ya ce ai ba shi zai ci ba, na ɓeraye ne.

"Ɓeraye kake kiwo?" ta tambaye shi.

"Kama su nake yi. Da ransu."

"Mutum da tsayinka da farar rigarka?"

Ya yi murmushi, ita kuwa ta yi dariya har hayaƙi ya shaƙe ta. Shi ya miƙa mata ruwa.

Daga ranar kullum sai ya biyo ta kambon da la'asar, ya ɗana tarkunansa a bakin ramuka, ya zauna ya sha shayi. A hankali ta san ko shi wane ne. Ɗan garin Fau ne, maraya, ya karanta aikin gwaje-gwaje, yana aiki a ƙarƙashin wata daktora da ke binciken kala'azar, cutar nan da ke kwantar da leburori bayan kaka. Wani ɗan ƙwaro ne ke kawo ta, bai kai sauro girma ba, yana ɓuya a tsagewar baƙar ƙasa da gindin aduwa, ya fito idan rana ta faɗi.

Ta tambaye shi to mene ne haɗin wannan da ɓera. Ya ce shi ne abin da suke son sani, har yanzu ba su tabbatar ko ɓeran jeji ne ke ajiye cutar ba. Aikinsa shi ne ya auna kowane ɓera, ya buɗe shi, ya ciro saifarsa ya auna ta ita ma. Ɓeran da ƙwayar cuta ta shiga jininsa, saifarsa kumbura take yi, ta yi baƙi ta yi nauyi, domin ita ce matatar jini, a can jiki ke fafatawa da abin da ya shige shi. Ɓeran kuwa yana ta yawonsa, ba mai gane yana ɗauke da komai sai an buɗe.

Ummuhani ta ture kofin shayinta ta ce ya ɓata mata la'asar. Amma washegari ita ce ta ajiye masa ƙuli-ƙuli tun bai tambaya ba.

Kafin a gama ɗaure dammunan riɗi ya karɓi lambarta. Ta sa masa suna Sarkin Ɓeraye, shi kuma ya yanke nata ya bar Hani.

"Hani, yau na kama da yawa, amma tarkon da na fi so ya kama har yanzu shiru," ya rubuta mata wata safiya.

"Wataƙila abin da kake son kamawa ya fi ƙarfin ƙuli-ƙuli, ya Sarki. Ka je ka ga Baba," ta mayar masa.

Ya je ɗin, da kawunsa da goro. Baba Cindo ya saurare su har ƙarshe, sannan ya tambayi kawun da wane hannu mutumin da ke yini yana feɗe ɓera zai ci tuwo a gidansa. Ya ce shi bai ga sana'a a nan ba, ƙazanta ya gani. Ban da haka ma akwai Wada, direban taraktan mashru'un, mai kuɗi a aljihu da ƙamshin turare, wanda tuni ya fara aiko wa gidan buhun dawa. Baba Cindo bai ce zai yi mata dole ba, shi ba mai haka ba ne. Cewa ya yi kawai yana jiran ta dawo hankalinta.

Rufa'i ya taɓa kawo mata gidan sauro mai ƙananan ƙofofi, ya roƙe ta ta daina zama a gindin aduwa bayan magariba. Da Baba Cindo ya ji daga inda gidan sauron ya fito, sai ya sa aka mayar masa, ya ce ba a karɓar kayan wanda ba a ba wa izini ba. Ummuhani ta ci gaba da kwana a kan tabarma a ƙofar bukka kamar kowa, har aka tashi kambo.

Sun koma gida Gadarif da 'yan watanni zazzaɓi ya kama ta. Aka saya mata maganin maleriya ta sha, ya lafa ya dawo. Ta daina cin abinci, wuyanta ya zube, hannuwanta suka sirance. Al'adarta ta ɗauke. Cikinta kuwa, shi kaɗai a duk jikinta, sai ya fara tasowa.

Ba sai an faɗa wa kowa abin da unguwa ta karanta ba. Matan da ke zuwa ɗibar wuta suka riƙa daɗewa a tsakar gida, idonsu a kan zaninta. Wada, wanda jiya-jiya yake rantsuwa ba ya iya barci saboda ita, shi ya fara tuna wa mutane a teburin mai shayi cewa ai ya sha ganinta da mai ɓerayen nan a bayan kambo. Ya aiko aka ce ya janye, bai ko tambayi yaya jikinta ba.

Baba Cindo ya kira yayarsa Goggo Zainaba daga garin Showak, tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin yaran unguwarsu, wadda ba a yi mata musu. Ta shiga ɗaki, ta ɗora hannu a kan cikin Ummuhani ta bisa zani, ta ji tauri, ta yi tambaya a kan al'ada, ta fito tana salati. Duk binciken bai kai daɗewar shan kofin shayi ba.

Ummuhani ta rarrafo har gaban mahaifinta.

"Baba, wallahi ban san ɗa namiji ba. Ka ɗauko Alƙur'ani in dafa."

Bai dube ta ba. Ya ce kada ta haɗa masa da saɓon rantsuwa a kan wanda ta riga ta yi. Inna ta ce a kai ta mustashfa, wato asibiti, a gwada, ya daka mata tsawa. Ya sha jin cewa budurwar da aka gani da ciki a asibiti maganarta na iya kaiwa ga 'yan sanda da bulala a gaban jama'a, shi kuma ba zai kai kansa inda za a tozarta shi ba. Ya karɓe wayar Ummuhani ya jefa a akwatinsa, ya hana ta ko leƙa ƙofa.

Abin da ya fi ciwon ci mata rai ke nan. Zazzaɓin tana iya jure shi. Amma mutumin da ya goya ta a kafaɗa tana ƙarama, ya san ba ta taɓa yi masa ƙarya ba ko a kan canjin cefane, ya zaɓi ya yarda da tafin hannun yayarsa ya bar maganarta.

Inna ce ta riƙa ba ta aron wayarta idan Baba ya tafi kasuwa. Da ita ta rubuta wa Rufa'i.

"Rufa'i, sun ce ciki gare ni. Ba wanda ya yarda da ni. Kai ma in za ka tambaye ni, kada ka amsa wannan saƙon."

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar.

"Ba zan tambaye ki ba, Hanina, na san ki. Ki kwanta rigingine ki taɓa ƙarƙashin haƙarƙarinki na hagu. Taurin daga sama yake gangarowa, ko daga mara yake hawa?"

Ta kwanta ta taɓa.

"Daga sama. Ta hagu. Kamar an cusa mini faifai."

Rufa'i yana ɗakin gwaji ya karanta. Ya nuna wa daktora, ta ce kusan babu shakka kala'azar ce, kuma wanda ba a yi wa magani ba da wuya ya tashi. Ta ce a kawo ta yau. Ya garzaya gidan Baba Cindo, amma ko zaure ba a bar shi ya shiga ba. Yana daga waje yana cewa saifa ce, ciwo ne, tsohon yana daga ciki yana cewa wanda ya yi ɓarna ba shi zai zo da fatawa ba. Da daktora ta zo da kanta, sai ya ga farar rigarta da motar hukuma, ya ce ai ga 'yan sandan nan sun fara, ya kulle gida.

A nan Rufa'i ya yi kuskuren da ya fi kowanne. Ya lissafa cewa idan ta zama matarsa, shi ke da ikon ɗaukarta zuwa asibiti, ba mai tare shi. Ya sake ɗauko kawunsa, suka sami Baba Cindo a ƙofar masallaci, ya ce a ɗaura musu aure a ranar, ko nawa ne sadakin, ko wane sharaɗi ne ya yarda. Bai tsaya ya yi tunanin yadda maganar za ta sauka a kunnen mutane ba. Saurayin da ake zargi ya zo a guje yana neman a ɗaura aure yau-yau, ai ya amsa laifi ke nan. Kafin la'asar duk unguwa ta ji mai ɓeraye ya yarda nasa ne.

Liman kuwa ya faɗi abin da ya sani, cewa ba a ɗaura aure a kan ciki, sai ta haihu. Aka tashi a kan haka, za a jira haihuwa. Washegari aka lulluɓe Ummuhani aka sa ta a mota zuwa Showak, gidan Goggo Zainaba, ta zauna can har ta sauka.

Kafin motar ta tashi ta karɓi wayar Inna.

"Na ji abin da ka yi. Dā bakina ne kaɗai nake da shi, yanzu ka sa ya zama ba shi da amfani. Kowa ya ɗora mini, amma naka ya fi nauyi. Kada ka sake nemana."

Ya rubuta mata sau ba adadi, cewa asibiti yake son kai ta, ba rufin asiri yake nufi ba. Saƙonnin suka tarar da wayar ta koma hannun Inna, ita kuwa Inna ba ta iya karatu ba.

A Showak aka ba ta wata bukkar ciyawa a ƙuryar gida. Goggo ba muguwa ba ce, a yi mata adalci. Tana dama mata kunu, tana jiƙa mata saiwoyin da ake ba masu ciki, tana ɗinka 'yan rigunan jariri tana tsaki. Kullum sai ta tambaye ta ko ya motsa, Ummuhani ta ce ba abin da zai motsa, Goggo ta ce taurin kai ne irin na ubanta. Fatarta ta yi duhu ta bushe, gashinta ya fara zuba, wata rana hancinta ya ɓalle da jini har ya jiƙa matashi. Ta daina musu da kowa. Takan kwanta ta zuba wa rufin bukkar ido, tana tunanin wanda zai yi mata wanka idan ta mutu, da abin da zai je ya faɗa wa unguwa.

Rufa'i ya iso Showak wani hantsi da jaka a kafaɗa. Ya tarar da Goggo a ƙofar gida tana tsince wake. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa da ƙyar, ta ce idan yarinyar ya zo gani ya koma inda ya fito.

Ya ce ba ita ya zo gani ba, wajen Goggo ya zo. Ya buɗe jakar ya fito da kwalabe biyu masu faɗin baki ya ajiye a ƙasa. A cikin kowacce akwai ɓera a ruwan magani, an buɗe cikinsa.

Goggo ta yi baya da farantin wakenta tana neman tsari. Ta ce dama an faɗa mata ba shi da cikakken hankali. Maƙwabta suka fara leƙowa ta kan danga.

"Goggo, ki zage ni yadda kike so, na cancanta," ya ce da ita. "Amma kin feɗe kaji da awaki sun fi a ƙirga, kin san kayan ciki. Ki dubi wannan, ki dubi wannan."

Ta ƙi. Ya ci gaba da durƙuso a rana. Can dai son sani ya fi ƙyama ƙarfi, ta ɗan karkato ido. A kwalba ta farko saifar siririya ce, a ɓoye a bayan tumbi. A ta biyu ta kumbura ta yi baƙi, ta gangaro daga haƙarƙarin hagu ta cika rabin cikin.

"Wannan na biyun namiji ne, Goggo," ya ce. "Da kin gan shi da rai, da kin ce ciki gare shi."

Ta harare shi. Ya ce tambaya ɗaya yake da ita, kuma ita ta fi shi sanin amsar. Duk haihuwar da ta karɓa a rayuwarta, ta taɓa ganin ɗan da ya fara girma daga ƙarƙashin haƙarƙari yana gangarowa? Ya roƙe ta ta sake taɓawa, wannan karon ba ta bisa zani ba, ta bi bakin taurin da yatsa ta ga inda ya faro.

Goggo ta ce yaron da aka haifa jiya ba zai koya mata aikinta ba. Ta ɗauki farantinta ta shige gida, ta bar shi da ɓerayensa.

Amma ba ɗakinta ta nufa ba. Ta shiga bukkar Ummuhani, ta yaye zanin, ta fara daga mara. Marar a lafe take, ba komai. Ta haura da yatsunta hagu, ta ci karo da bakin abu mai tauri mai kaifi, ta bi shi har ya shige ƙarƙashin haƙarƙari. Ta daɗe hannunta na wurin. Ummuhani na kallonta.

Goggo ba ta ce ta yi kuskure ba, ba ta taɓa faɗa ba har yau. Fitowa ta yi tana gyara mayafi, ta ce da Rufa'i me yake jira a tsugune, ya je tasha ya samo mota.

Ɗigon jini aka ɗiba a yatsanta a asibiti, aka tabbatar kala'azar ce. Likitan ya tambaya me ya sa aka bari ta kai haka, Goggo ta dubi bango. Aka fara yi mata allura kullum, mai zafi, har cinyoyinta suka ƙi kwanciya. Jininta ya yi ƙasa ƙwarai, aka nemi mai bayarwa, na Rufa'i ya dace.

Sai da ta kwana biyu kafin ta yarda ta dube shi. Yana zaune a bakin ƙofar ɗakin mata, inda aka yarda maza su tsaya.

"Ka san abin da ka jawo mini?" ta ce, muryarta a dushe.

"Na sani. Ranki na hango, na manta da sunanki. Ki yafe mini, Hani."

"Sunan nan shi ke nan abin da nake da shi, Rufa'i."

"Na sani."

Ta juya fuskarta ga bango ta yi kuka mai isarta. Da ta gama, ba ta juyo ba ta ce da shi ƙishirwa take ji. Ya tashi da sauri har ya yi tuntuɓe da bokiti, matan ɗakin suka yi dariya, ita ma ta ɗan yi.

Inna ta zo ta zauna da ita har aka sallame ta. Baba Cindo ya aiko da kuɗin mota da gaisuwa, bai zo ba.

Mai tsammanin gaskiya ta fito magana ta ƙare, bai san unguwa ba. Ummuhani ta dawo Gadarif cikinta a lafe, sai aka ce ai dama abin da aka je yi Showak ke nan, an zubar. Takardar asibiti kuwa, ai saurayin a asibiti yake aiki. Wada ya auri wata, ya riƙa gode wa Allah a bainar jama'a da Ya tsare shi. Goggo ta riƙa ba da labarin yadda ita ta gano saifa ce tun likitoci ba su gano ba. Ga shi kuma bayan maganin wasu ƙananan ƙuraje sun feso mata a haɓa da gefen baki, wanda likita ya ce hakan na faruwa kuma zai baje, amma mata suka ce alhaki ne ya fito a fuska.

Ita duk wannan bai dame ta kamar shirun mahaifinta ba. Ya mayar mata da wayarta ta hannun Inna. Yana sayo mata hanta da madara, ya ajiye a ƙofar ɗaki ya wuce. Idan ta gaishe shi sai ya amsa yana kallon takalminsa. Kalma ɗaya take jira, ya ce ya yarda ba ta yi ba, shi kuwa ya gwammace ya sayo duk hantar kasuwar Gadarif da ya faɗe ta.

"Hanina, kawu zai dawo wajen Baba ranar Juma'a. Wannan karon a hankali za mu zo, kamar mutane. Kin amince?"

"Da ƙurajen nawa?"

"Da su. Ni da nake kallon cikin ɓera kullum, me za ki nuna mini in tsorata?"

"Allah Ya shirye ka, ya Sarki. Ku zo."

Baba Cindo bai sake zancen hannu da tuwo ba. Ya karɓi goro, ya yanke sadaki mai sauƙi, aka sa rana bayan an girbe dawa. Liman da kansa ya ɗaura auren, bai ɗaga ido ya dubi ango ba. Gidan ya cika maƙil, domin duk bakin da ya ci naman Ummuhani ya zo cin shinkafar bikinta, har da masu neman ƙari.

Da yamma aka zo ɗaukar amarya. Kamar yadda aka saba, aka kai ta ɗakin mahaifinta ta yi sallama, ta durƙusa ta nemi gafara. Ƙawayenta suka tsaya a bakin ƙofa, mata cike da tsakar gida suna jira. Ummuhani ta durƙusa, lalle a hannunta, mayafi ya rufe ƙurajen. Baba Cindo ya yi nasihar da kowane uba ke yi, haƙuri da biyayya da riƙon sallah, yana yi yana jan carbi. Ya gama. Saura nata.

Ta yi jinkirin neman gafarar. Goggo ta zungure ta daga baya. Ta daure ta faɗa, don ba ta son a ce ta fita gidan ubanta da rashin kunya a kan abin da ake cewa.

"Baba, ka yafe mini duk abin da na yi maka."

Carbin ya tsaya. Tsohon ya dube ta, karo na farko tun kafin Showak, ya ga yadda wuyanta bai gama cikowa ba. Ya miƙe, ya ratsa ta gefenta, ya ture labule ya fita tsakar gida ba ko takalmi. Guɗa ta yanke.

"Ku saurara, tunda duk kuna nan," ya ce. "Yarinyar nan ba ta yi komai ba. Ta rantse mini na ƙi ji. Ciwo ne ya kama ta a kambona, wajen dafa wa leburorina abinci, ni kuma na ɓoye ta tana mutuwa don ina jin kunyarku. Wanda ke da sauran magana a kanta, ga ni, ya faɗa mini yanzu."

Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka taɓe baki a cikin mayafi, domin akwai waɗanda ko me aka faɗa ba za su saki labari mai daɗi ba. Ummuhani ta san haka. Ta san gobe ma za a yi zancenta a bakin famfo, kuma watannin da ta kwanta a bukkar nan ba mai dawo mata da su.

Ya dawo ɗakin ya tsuguna a gabanta, abin da bai taɓa yi wa ɗa ba.

"Ummuhani, ni zan roƙa."

Ta so ta ce ya makara. Maganar na bakinta, kuma gaskiya ce. Sai ta ga ƙafafunsa tsirara sun yi ƙura, ga furfurar da ba ta san lokacin da ta cika masa gemu ba.

"Na yafe, Baba," ta ce. "Amma na ji ciwo."

"Na sani, 'yata."

Ya ɗora hannu a kanta ya sa mata albarka, ya roƙa mata zaman lafiya da zuriya mai jin ƙai, Inna na cewa amin tana share hawaye. Sannan ya riƙe hannunta da kansa, ya ratsa da ita ta tsakiyar matan har ƙofar gida, inda abokan ango ke jira da mota. Rufa'i, wanda bai kamata a gan shi a wurin ba, yana laɓe a bayansu. Baba Cindo ya kira shi da sunansa, ya miƙa masa hannun dama suka gaisa, ya daɗe bai saki ba.

"Ga ta nan," ya ce. "Idan ta faɗa maka magana, ka yarda da ita."

Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya raba su da bakin mutane.